Kwale-kwale da inji a bakin kogin Gamkalley: abin da mai jirgi zai iya yi da hannunsa

 Tambayoyi kan injin jirgin ruwa, wanda a nan Yamai aka fi kira moter, ba sa ƙarewa. Wani ya ce nasa yana mutuwa a tsakiyar ruwa, wani ya ce ƙanensa ya aiko da kuɗin saye amma bai san wane iri zai ɗauka ba. Shi ya sa muka tattara bayanin wuri guda, don a riƙa komawa kansa.

Maganar a taƙaice ita ce: a koginmu, abu uku ne suka fi kashe inji, wato yashi, gurɓataccen mai, da zaren koma. Dukansu mai jirgi zai iya maganinsu da kansa tun ba a kai ga makaniki ba.

Kogin ne ke tsara lokacin aiki

Gamkalley na cikin tsoffin ƙauyukan da birnin Yamai ya haɗiye, kamar Saga, Gudel da Yantala, kuma tana kan gaɓar hagu ta kogin Isa, wanda Zabarmawa ke kira Isa Beri. Sau biyu kogin ke cika a shekara. Na farko shi ne jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafukan Sirba, Dargol da Goruwol ke kwararowa da shi daga wajen Burkina Faso, cike da laka da yashi. Na biyu shi ne baƙin ruwa da ke tasowa tun daga Gini, ya ratso Mali, ya iso mana a lokacin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Daga nan ruwa ya riƙa ja da baya har Mayu da Yuni. Dattawa na tuna 1985, shekarar da kogin ya daina gudu a Yamai. Mu kuma mun ga Satumbar 2020, lokacin da ruwa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali daga 620 ake shelar babban haɗari.

Kowane lokaci da irin ɓarnarsa. Jan ruwa na cinye famfon sanyaya inji. Ƙarancin ruwa na sa farfela ta daki tudun yashi da duwatsu. Kainuwa kuwa tana toshe ƙofar shan ruwa. Don haka babban gyara, na katako da na inji, a yi shi a Mayu ko Yuni, kafin jan ruwa ya iso. A sake duba famfo bayan ya wuce.

Jikin jirgi

Tun da can da maɗaci ake sassaƙa jirgi, yau kuwa yawanci katako ake haɗawa da ƙusa. Katako na kumbura a ruwa, yana tsukewa a rana. Jirgin da aka bari a tudu cikin zafin Afrilu, ba inuwa ba rufi, sai ka tarar haɗinsa ya buɗe. In dole ne a fitar da shi, a kifa shi kan itatuwa don kada ya taɓa ƙasa, gara ta samu hanya, a rufe shi da tabarma ko zana.

Ga yadda ake dubawa. Ka ɗauki wuƙa ka bi katako kana dannawa da tsininta, musamman ƙasan jirgi inda ruwa ke kwana, da kewayen ƙusoshi. Inda wuƙa ta shige da sauƙi, wurin ya ruɓe. Kwalta ba ta gyara ruɓa, ɓoye ta kawai take yi. Sai dai a canza katakon. Ƙusar da ta yi tsatsa har ta saki, a cire ta a buga sabuwa a gefenta. Haɗin da ke yoyo kuwa, a kankare tsohon liƙi, a bar wurin ya bushe, a cusa auduga ko tsumma mai tsabta da bakin ƙarfe marar kaifi, sannan a bi da kwalta mai ɗumi. Kada a cusa da ƙarfin tsiya, don katako zai kumbura ya matse da kansa. Bayan an gama, a bar jirgi ya kwana cikin ruwa kusa da gaɓa kafin a ɗora masa kaya ko mutane.

Wurin da ya fi shan wahala shi ne katakon da ake ɗaure inji. Shi ke ɗauke da nauyi da girgiza da turi gaba ɗaya. Ya zama mai kauri, an ƙarfafa shi da noti, ba ƙusa kaɗai ba.

Zaɓen inji da ɗaura shi

Wanda aka fi gani a koginmu shi ne mai haɗa fetur da baƙin mai, irin su Yamaha Enduro mai doki 15, 25 ko 40. Ƙaramin jirgin su da mutum biyu ko uku ke shiga, doki 15 ya ishe shi. Babban inji kan ƙaramin jirgi na danne baya, yana shan mai, yana kuma wargaza haɗin katako.

Ƴan'uwa na waje, wannan naku ne. Kafin ku saya ko ku aiko da kuɗi, ku sa a auna daga saman katakon ɗauri zuwa ƙasan jirgi. Ƙafar inji iri biyu aka fi samu: gajera mai kusan santimita 38, da doguwa mai kusan 51. Akwai wani faffaɗan ƙarfe a saman farfela. Shi ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi kamar faɗin yatsa ɗaya zuwa biyu. In ya yi sama, farfela na shan iska, inji na ihu ba gudu, famfo kuma ba ya samun ruwa. In ya yi ƙasa da yawa, ga ɓarnar mai, ga dukan yashi. Sannan ku zaɓi irin da ake samun kayan gyaransa a Yamai. Injin da ba shi da kaya a kasuwa, ranar da ya tsaya ya zama kayan ado. Cikin kuɗin da za ku aiko kuma, ku ware na buji, robar famfo da man giya.

Wajen ɗaurawa, a matse kunnuwan biyu da hannu sosai, a sake matsawa bayan an ɗan yi tafiya, domin girgiza na kwance su. A kuma ɗaure inji da igiya mai ƙarfi a jikin jirgi. Ko ya zame, ba zai tafi ƙasan kogi ba.

Haɗin mai

Yawancin waɗannan injuna na son kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur. Wato:

- lita 1 ta fetur, mililita 20
- lita 5, mililita 100
- lita 10, mililita 200
- lita 25, rabin lita

Sabon inji kuwa, a awa 10 na farko ana ninka baƙin man, kuma ba a buɗe masa wuta duka. In littafin injinka ya faɗi wani ma'auni dabam, bi littafin. Kada a auna da ido. Sirinji babba, ko kwalbar da aka yi wa alama, ta wadatar. A nemi man da aka yi don injin ruwa, za ka ga an rubuta TC-W3 a jikin galan. Baƙin man mota ba na wannan aiki ba ne, yana barin toka a buji da kan fistan.

Fetur ɗin kwalba na bakin titi, wanda ake ce wa ruwa-ruwa, mun san wani lokaci shi ke kusa. In shi ka saya, ka zuba a farar kwalba ka bar shi ya natsu. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi. Ka tace da kyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki. Kada ka haɗa man da zai wuce wata guda a ajiye, kuma kada a bar tanki a rana. Ƙaramin notin iska da ke kan murfin tanki, a buɗe shi in za a tashi. Sau da yawa injin da ya yi minti biyar ya mutu, wannan notin ne aka manta.

Ruwan sanyaya inji

Da ka tada inji, abu na farko shi ne ka waiwaya ka ga ɗan siririn ruwan da ke fita ta baya, wanda masu jirgi ke kira fitsarin inji. In ba ya fita, kashe nan take. Ɗaga ƙafa ka cire kainuwa ko leda daga ƙofar shan ruwa, ka tsokaci ramin da siririyar waya. In har yanzu shiru, robar famfo ce ta ci. Wannan roba mai fukafukai tana cikin ƙafa, kuma yashi ne ke goge ta. A ruwa mai tsabta takan kai shekara, a namu kuwa gara a duba ta bayan kowane jan ruwa.

Kada a taɓa tada inji a tudu, ko na ɗan lokaci, wai don a ji ƙararsa. Ba ruwa, robar na ƙonewa cikin daƙiƙoƙi. In gwaji za a yi, a tsoma ƙafa cikin duro mai ruwa har ya rufe faffaɗan ƙarfen nan. Wajen isowa gaɓa kuma, a rage wuta a ɗaga ƙafa, a ƙarasa da gora ko filafili, maimakon a bar farfela tana haƙar yashi.

Buji, farfela da man giya

Buji, ko fulogi kamar yadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke cewa, shi ke ba ka labarin cikin inji. In bakinsa ruwan ƙasa ne, lafiya lau. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai ya yi yawa ko ana yawan barin inji yana aiki a tsaye. In fari ne fat, inji na zafi ko mai ba ya isa. Wannan a kai wa makaniki kafin fistan ya kama. A sa buji da hannu tukuna, sannan a ƙarasa da sifana.

Sau ɗaya a mako, cire hular buji don kada inji ya tashi, ka kwance farfela ka duba bayanta. Zaren koma da na ƙugiya na naɗewa a nan, su yanka robar da ke tare man giya. Ka warware su, ka shafa giris a sandar, ka mayar, ka sa sabon fil.

Man giya, mai lamba 90, ana canza shi bayan awa 100 na aiki ko wata 6. Noti biyu ne a jikin ƙafa. A kwance duka a tsiyaye tsohon. In ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai an canza roba. Sabon ana ɗura shi ta ramin ƙasa har ya ɓullo ta na sama, a rufe na sama tukuna, sannan na ƙasa.

Ɗauka da ajiya

A Turai da Amurka tirela ake ja da mota a kai jirgi bakin ruwa. Mu namu amalanke ne da kafaɗa da guntayen itace da ake mirgina jirgi a kai. Ƙa'idar dai ɗaya ce: nauyi ya zauna daidai, a sa tsohuwar taya a ƙasa, a ɗaure gaba da baya. A cire inji kafin a ja jirgi. Shi kuma a tsayar da shi ruwan cikinsa ya tsiyaye, kuma ko a amalanke ko a ɗaki, kansa ya fi farfela tudu, don kada ragowar ruwa ya gangara cikin silinda. In zai daɗe a ajiye, a zare tiyon mai yana cikin aiki a ruwa har ya mutu da kansa, don kada mai ya bushe a kafireto.

In tsautsayi ya sa inji ya nutse, kada a jira gobe. A cire buji, a ja igiya a hankali ruwa ya fita, a zuba baƙin mai ta ramin, a zubar da abin da ke kafireto, a kai wa makaniki a ranar. In an ji yashi na ƙara a ciki, a daina ja.

Abin da ba a barin gaɓa sai da shi

Filafili da gora, buji biyu da sifanarsu, fil ɗin farfela, igiyar tayarwa ta ajiya, abin kwalfe ruwa, tocila, da waya cikin leda. Igiyar kashe inji kuma a ɗaura ta a hannu. In matuƙi ya faɗa ruwa, inji ya mutu. Kusa da ginshiƙan gadar Kennedy da gada ta biyu ruwa na juyawa, wurin ba na mutuwar inji ba ne. Rigar ruwa ga kowa, in babu ko jarkar da aka rufe bakinta gam. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Wannan kogin dai shi ne ya ci mutane da dama a Warra ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da yankin Patigi ta jihar Kwara a Yunin 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasu a hanyar dawowa daga biki. Lodi fiye da kima da tafiyar dare ba sa barin gyara ya yi amfani. Idan aikin ya kai ga buɗe cikin inji, wato fistan, karanshaf ko haƙoran giya, nan hannun mai jirgi ya tsaya, a nemi makaniki. Sauran kuwa naka ne, kuma rigakafi ya fi magani.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba a bakin gaɓa. Allah ya tsare, ya ba da sa'ar kamu.