Alhaji Adamu Halilu: Daga Majigi Zuwa Shaihu Umar

Kafin mutanen ƙasar Hausa su saba da gidan siliman, majigi suka fara sani. Motar Gwamnati ce takan iso gari da la'asar, ko da garin na bakin iyaka ne irin Baure, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, in an idar da sallar lisha a ta da inji, mai fassara ya tsaya da lasifika yana gaya wa jama'a ma'anar abin da suke gani. A 1939 Turawa suka kafa hukumar shirya irin waɗannan hotuna, suka danƙa ta ga William Sellers, wanda dā ma'aikacin kiwon lafiya ne a Ikko. Abin da ake nunawa bai wuce tsabta da rigakafi da noman auduga da makamantansu ba. Gidajen siliman kuwa, irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937, na Kwarori ne, kuma dattawa suna ƙyamar wurin.

To, a wannan makaranta ta majigi Alhaji Adamu Halilu ya tashi. An haife shi a Garkiɗa a 1936, ya koyi rubuta labarin fim da haɗa hotunansa a Landan da Roma, sa'an nan ya kama aiki da Gwamnatin Jihar Arewa. A 1963 ya shirya Mama Learns a Lesson, a kan amfanin zuwan mai ciki asibiti. Wa'azin Gwamnati ne, ba shakka, amma ya sa shi cikin labarin mutanen gida ɗaya, yadda mai kallo zai so ya ga ƙarshensa.

Babban aikinsa shi ne Shaihu Umar, na 1976. Littafin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, ya rubuta shi domin gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, daga nan Adamu Halilu ya ɗauke shi a fim da kuɗin Gwamnatin Tarayya, gabanin bikin FESTAC na 1977. Umaru Ladan ɗin ne ya fito a matsayin Shaihun.

Mai karatu ya san labarin: yaro daga Kagara, an yi wa mijin uwarsa Makau ƙulli a fada an kore shi, an sace yaron, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, ya girma a Masar ya zama malami, ita kuwa uwar ta fita nemansa ta faɗa bauta, ba ta gan shi ba sai dab da ajalinta a Tarabulus. Wannan ba baƙon zance ba ne a ƙasar Daura, wadda ayarin Kano mai zuwa Damagaram da Agadas yakan ratsa ta. Abin lura a nan shi ne yadda aka jera labarin. Shaihu yana zaune a Rauta tsakiyar almajiransa yana ba su tarihinsa, hoto yana bin muryarsa. A ganina mai fassarar majigi ne ya komo, sai dai yanzu ba a gefen ƙyalle yake tsaye yana fassara maganar wani ba. Ya shiga cikin hoton, da rawaninsa, yana magana da Hausa a kan bautar da Hausawa suka yi, suka kuma sha. Fim ɗin ya haura sa'a biyu, tafiyarsa kuwa irin ta raƙumi ce, wanda ya saba da gaggawar finafinan bidiyo sai ya yi haƙuri da shi.

Bayan wannan ya shirya Kanta of Kebbi a 1978, daga baya kuma ya shugabanci Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979. Amma fa waɗanda aka yi Shaihu Umar dominsu kaɗan ne suka gan shi. Masu gidajen siliman sun fi samun riba a finafinan Indiya da na Sin, majigi kuma ya ja baya. Da samarin Kano na ƙungiyar Tumbin Giwa suka fito da Turmin Danya a kaset na bidiyo a 1990, ba sawunsa suka bi ba, daga wasan daɓe da talbijin suka ɗauko nasu.

Shekara da shekaru ana zaton fim ɗin ya ɓata. Sai a 2016 aka tarar da gwangwanayensa cikin ɗaruruwan waɗansu da suka yi tsatsa, a tsohon ɗakin ajiyar hukumar finafinai a Ikko. Didi Cheeka yana cikin waɗanda suka tsaya a kan a cece su. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi tare da Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka nuna shi a bikin finafinai na Barlin a 2018, shekara goma sha bakwai bayan rasuwar Adamu Halilu a 2001.