Yadda raba makarantu bisa yawan ɗalibai ya sauya gasar ƙwallon kwando a Indiyana

Daga 1911 zuwa 1997, gasa ɗaya tak makarantun sakandaren jihar Indiyana ta Amurka suke bugawa a ƙwallon kwando na maza. Makarantar ƙauye mai ɗalibai ɗari da ta birni mai dubu biyu kofi ɗaya suke nema, wadda aka doke kuwa ta fita ke nan.

Babbar hujjar masu kare wannan tsari ita ce Milan. A 1954, wannan makaranta mai ɗalibai 161 ta doke Muncie Central, wadda ta ninka ta kusan sau goma, da ci 32 da 30, bayan Bobby Plump ya jefa ƙwallo ana dab da tashi. A kan wannan nasara aka gina fim ɗin Hoosiers na 1986. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a shekaru 43 da suka biyo baya, babu makaranta mai ƙanƙantar Milan da ta sake ɗaga kofin.

A 1996 hukumar wasannin makarantun jihar, IHSAA, ta amince a raba gasar rukuni huɗu bisa yawan ɗalibai, daga 1A na ƙanana zuwa 4A na manya, aka fara aiki da tsarin a kakar 1997 zuwa 1998. Plump na cikin waɗanda suka yi adawa. Masu suka na tuna wasan ƙarshe na 1990, wanda sama da mutum 41,000 suka kalla a fili, suna cewa rabon ya kashe armashin gasar. 'Yan kallo sun ragu, gaskiya ne, amma raguwar ta soma tun shekarun 1960, lokacin da ake haɗe ƙananan makarantu wuri guda.

Rabon ya fito da wata matsalar. Makarantar gwamnati galibi daga yankinta take ɗaukar ɗalibai, mai zaman kanta kuwa tana iya jawo haziƙan 'yan wasa daga ko'ina cikin birni. A takarda girmansu ɗaya, a fili tazarar na da yawa. Jihar Ilinoi ta ɓullo wa lamarin ta hanyar ninka adadin ɗaliban makarantun da ba su da iyakar yanki da 1.65 kafin a ba su rukuni. Indiyana kuma a 2012 ta zaɓi auna nasara: ƙungiyar da ta tara maki shida a gasar cikin shekaru biyu sai a ɗaga ta zuwa rukuni na gaba. Wannan ya fi kusa da adalci, domin bai ware makarantu masu zaman kansu ba, sai dai yana da nasa aibin. Sau da yawa taurarin da suka tara makin sun kammala karatu, ƙannensu ne ke karawa da manyan.

Maƙwabciyarta Kentaki har yau kofin jiha ɗaya take bayarwa, amma ƙananan makarantunta suna da wata gasa tasu daban a tsakiyar kaka.