Daga faifan rikoda zuwa kwamfuta: tarihin ɗaukar murya a Nijar da abin da ya shafi Magariya da Dungas

1. Gabatarwa

A wannan ɗan rubutu za mu bi matakan da aikin ɗaukar murya da watsa ta ya bi a Nijar, tun daga faifai har zuwa haɗa kwamfuta da gidajen rediyo. Tambayarmu ita ce: a kowane mataki, muryar wa ake ɗauka, kuma ina ake ajiye ta? Mun dubi Magariya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram, saboda suna bakin iyaka da Nijeriya, inda Hausar Damagaram ke cuɗanya da ta Daura da ta Kano. Dungas kuma na cikin tsoffin ƙasashen Sosebaki, waɗanda yawancin tarihinsu a baki yake.

2. Zamanin faifai

An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958. A 1962 aka kafa ƙungiyar Radio-Clubs du Niger. Tsarinta shi ne ma'aikaci ya shiga ƙauye da rikoda, ya ɗauki mahawarar manoma, ya aika da faifan Yamai, a tace, a watsa. Ke nan murya na tashi daga ƙauye zuwa birni, sannan ta komo. A 1968 aka buɗe a Yamai cibiyar tattara tarihin baka wadda ta zama CELHTO a 1974. A wannan zamani ne André Salifou ya fitar da littafinsa kan Damagaram a ƙarni na 19 (1971), wanda ya dogara ƙwarai da bayanan dattawa. Illar faifai sananniya ce: zafi da ƙura na cinye shi, kuma duk kwafin da aka yi yana rage ingancin sauti.

3. Shigowar kwamfuta

A 1999 aka buɗe rediyon al'umma na farko a Bankilare, mai aiki da hasken rana. Ta shirin RANET na cibiyar ACMAD, irin waɗannan gidaje sun samu akwatin WorldSpace, mai kamo sauti daga tauraron AfriStar da aka harba a 1998. In aka haɗa akwatin da kwamfuta, ana sauke bayanai kamar na yanayin damina, a fassara, a watsa ta FM. Kamfanin ya karye a 2008. A 2016 Studio Kalangou ya fara shirya labarai a Yamai cikin harsuna biyar, har da Hausa, yana raba su ga gidajen rediyo abokan hulɗarsa.

A nan akwai abin lura. Waɗannan hanyoyi sun sauƙaƙa saukar da murya daga sama zuwa ƙauye, amma ba a gina su don tattara muryar ƙauyen ba. Abin da Radio-Clubs suka yi da faifai, sabuwar na'ura ba ta gāje shi kai tsaye ba.

4. Abin da ya shafi mai nazarin harshe

Wayar hannu ta buɗe hanya ta uku: wa'azi, waƙa da saƙon murya na yawo daga waya zuwa waya. Sai dai sautin a matse yake, kamar na MP3, kuma matsewa mai yawa na iya ɓata bayanan da ake buƙata wajen awon baƙaƙe irin su ƙ, ts, ɓ da ɗ. Shi ya sa ƙungiyar IASA ta ba da shawarar ajiya a tsarin WAV, aƙalla 48 kHz da bit 24. Haka kuma sautin da ba a rubuta garin mai magana, shekarunsa da ranar ɗauka ba, ba ya zama hujja a nazarin karin harshe.

5. Kammalawa

Haɗa rikoda, kwamfuta da ma'ajiya ɗaya ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne yarjejeniya tsakanin jami'a da gidajen rediyon karkara, domin a riƙa adana asalin hirarraki kafin a goge su. In ba haka ba, mai bincike na gobe zai tarar da Hausar Yamai a ajiye, ta Magariya da Dungas kuwa ta bi iska.