Carandiru da Taubaté: yadda gidan kaso ya haifi gungun da ya gagari Barazil

Ranar 2 ga Oktoban 1992, faɗa ya kaure tsakanin fursunoni a gidan kason Carandiru da ke birnin Sao Paulo, inda aka cusa mutum fiye da 7,000 a wurin da bai isa ya ɗauki 4,000 ba. Ƴan sanda suka shiga da bindigogi, suka bar gawa 111. Daga wannan rana nake fara labarin ƙungiyar PCC, domin a nan fursunonin jihar suka gane cewa hukumar da ke riƙe da su ba za ta kare ransu ba.

Ba a cika shekara ba, ranar 31 ga Agustan 1993, fursunoni takwas a kason Taubaté suka kafa Primeiro Comando da Capital. Abin da suka fara yi wa sauran alkawari shi ne kariya. A lokacin, mai ƙarfi ne ke cinye abincin mai rauni, ana yi wa sabbin shiga fyaɗe, ana kisa a kan bashin sigari. Ƙungiyar ta rubuta dokokinta, ta hana fyaɗe, ta hana kisa ba da izininta ba, daga baya ta hana shan ƙwayar kirak a cikin kaso. Yaron da aka kawo jiya yana rawar jiki ya samu wurin kwana lafiya. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba kowa ake ɗauka ba. Sai wani ɗan ƙungiya ya tsaya maka kamar uban gida, laifinka ya zama nasa. A da, waɗanda aka sako suna biyan kuɗin wata, da shi ake ɗaukar lauyoyi, a biya wa mata da iyaye motar zuwa ziyara, a tallafa wa iyalan da maigida ke tsare. Wanda ya fita ba ya iya juya baya, don ya san watarana zai iya komawa ciki, ko yana da ɗan'uwa a can. Ta wannan igiya shugaban da ke kulle yake juya unguwar da bai taka ba shekara da shekaru.

Hukuma da kanta ta taimaka wa abin ya yaɗu. Ta rarraba shugabannin zuwa wasu gidajen kaso don ta karya su, kowane ya je ya buɗe reshe. Salula kuma ta ƙarasa aikin: a watan Fabrairun 2001 gidajen kaso 29 suka yi bore a rana guda. A watan Mayun 2006, da aka kwashe fursunoni 765 zuwa wani kaso mai tsaro, aka kai wa ofisoshin ƴan sanda hari, aka ƙone motocin haya, makarantu da shaguna suka rufe. Cikin kwanaki kaɗan fiye da mutum 500 suka mutu, da yawansu a ramuwar gayyar da ta biyo baya.

Ƙarƙashin Marcola, wanda ya karɓi ragama a 2002, ƙungiyar ta koma kasuwanci. Ta kama hanyoyin hodar iblis daga Bolibiya da Paraguwai, tana fitar da ita ta tashar jiragen ruwan Santos zuwa Turai, tana hulɗa da ƴan mafiyar Italiya. Wani kaso na hodar Kudancin Amurka ta Afirka ta Yamma yake ratsawa, kuma ba mu manta da fiye da kilo 200 da aka kama a jihar Agadas a watan Janairun 2022 ba.

Abin da ya sa na kawo wa malamai da iyaye wannan tarihi shi ne irin mutanen da suka cika sahun ƙungiyar: samari ne matalauta da suka bar makaranta da wuri, aka kulle su kan ƙaramar sata ko ƙullin ƙwaya, aka haɗa su ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun ƴan fashi. Barazil ce ta uku a duniya wajen yawan fursunoni, kuma kowane sabon kaso ya zame wa PCC filin ɗaukar mabiya.

Na sha jin uba ya ce a kai ɗansa kaso ya yi hankali. Kafin a furta haka, a tambaya da wa zai kwana. In kuma ƙaddara ta kai yaro can, kada a yanke ƙafa: a kai masa abinci, a bi shari'arsa kada ya daɗe yana jira, a nemi a raba shi da manya, malaminsa ya aika masa littafi. Ranar da ya fito a ba shi sana'a da wurin zama. Duk abin da gida ya daina yi masa, akwai wanda ke jiran ya yi masa, ya rubuta bashi.