Kisan Hinterkaifeck: gidan gonar da ya yi shiru kwana huɗu

Hinterkaifeck gidan gona ne da ya taɓa kasancewa a bakin daji a jihar Bavariya ta ƙasar Jamus, kimanin kilomita 70 arewa da birnin Munik, ɗan nesa da ƙauyen Gröbern. Ranar Juma'a 31 ga Maris 1922, da dare, aka kashe dukan mutum shida da ke cikinsa, kuma har yau ba a hukunta kowa a kan wannan aika-aika ba.

Waɗanda aka kashe su ne maigidan, Andreas Gruber, mai shekara 63, da matarsa Cäzilia mai 72, da 'yarsu Viktoria Gabriel mai 35, wadda mijinta ya mutu a fagen yaƙi a Faransa a 1914, sai 'ya'yanta biyu: Cäzilia ƙarama mai shekara 7 da Josef mai 2. Ta shidan ita ce ta fi ban tausayi. Maria Baumgartner 'yar aiki ce mai shekara 44, kuma a ranar ta iso gidan don fara aiki. Ko kwana ɗaya ba ta yi a ciki ba.

Alamun haɗari sun riga sun bayyana. 'Yar aikin da ta gabace ta ta bar gidan wata shida kafin nan, an ce saboda motsin da take ji a saman rufi. Maƙwabta sun shaida cewa kwanaki kaɗan kafin kisan Andreas ya gaya musu ya ga sawun mutum a kan dusar ƙanƙara, daga daji zuwa gidan, amma babu sawun komawa. Ya kuma tsinci wata jarida ta Munik da ba wanda ya saya a gidan, sannan makulli ya ɓace. Duk da haka bai kai ƙara wurin 'yan sanda ba.

Masu bincike sun ɗauka cewa an yi ta jan mutum huɗu ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗakin ajiye ciyawa, inda aka sassare su da diga. Daga nan makashin ya shiga cikin gida ya kashe Maria a ɗakinta da Josef a gadonsa. Likitan da ya duba gawarwakin ya gano cewa Cäzilia ƙarama ba ta cika nan take ba, ta yi sa'o'i da rai, har an sami gashin kanta da ta tsige a hannunta.

Abin da ya bambanta wannan kisa da saura shi ne abin da ya biyo baya. An ci gaba da ba shanu abinci, an ci gurasa da naman da ke gidan, kuma akwai waɗanda suka ce sun ga hayaƙi na tashi daga bututun rufi. Ke nan makashin ya zauna tare da gawarwakin. Kuɗi masu yawa kuwa suna nan ba a taɓa ba, abin da ya raunana zargin fashi. Cäzilia ƙarama ba ta je makaranta ba, iyalin ba su je coci ranar Lahadi ba, wasiƙu sun taru. Ranar Talata 4 ga Afrilu ma wani makaniki ya yi sama da awa huɗu yana gyaran inji a harabar gidan bai ga kowa ba. Sai a yammacin ranar maƙwabta uku suka shiga suka tarar da gawarwakin.

Iyalin Gruber mutane ne da suka keɓe kansu, kuma ƙauyen na ƙyamarsu, domin a 1915 kotu ta ɗaure Andreas da Viktoria kan laifin lalata tsakanin uba da 'ya. Wannan nisa da jama'a ya taimaka wajen jinkirin gano gawarwakin, jinkirin kuwa ya ba makashin damar ɓacewa.

Binciken ma ya zo da sakaci mai yawa. Kafin Sufeto Georg Reingruber ya iso daga Munik, 'yan kallo sun tattake wurin, an kuma motsa gawarwakin. Aka cire kawunan mamatan aka tafi da su don ƙarin bincike, har aka kai su gaban masu duba, daga baya suka ɓace, saboda haka ba da kawunansu aka binne su a Waidhofen ba. Digar da aka yi kisan da ita sai a 1923 aka same ta, ɓoye a saman rufi, lokacin da ake rushe gidan.

An yi wa fiye da mutum 100 tambayoyi. Wasu suka yaɗa cewa mijin Viktoria bai mutu ba, ya dawo ne ya yi ramuwa, alhali abokan yaƙinsa sun shaida ganin gawarsa. Zargi ya fi nauyi a kan wani maƙwabci da ya taɓa neman auren Viktoria, amma ba a tuhume shi ba, ya kuma yi nasara a kotu a kan masu kiransa makashi kafin ya rasu a 1941.

An rufe shari'ar a 1955. A 2007 ɗaliban makarantar 'yan sanda ta Fürstenfeldbruck suka sake nazarin takardun, suka tsaya a kan mutum ɗaya, amma suka ƙi bayyana sunansa saboda danginsa da ke raye.