Zazzaɓin Dengue: Yadda Ruwan Sama Ke Raya Sauron Da Ke Yaɗa Shi

Dengue zazzaɓi ne da ƙwayar cuta ta bairos ke haddasawa, kuma sauro nau'in Aedes aegypti ne ya fi yaɗa ta tsakanin mutane. Sauron baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafafu. Ya bambanta da sauron maleriya domin da rana yake cizo, musamman da safe da kuma gab da faɗuwar rana. Saboda haka kwana cikin gidan sauro kaɗai ba ya wadatarwa.

Alaƙarsa da damina

Macen wannan sauro tana saka ƙwai a jikin mazubi, sama kaɗan da bakin ruwa. Ƙwan yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba. Da zarar ruwan sama ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 tsutsar ta zama sauro mai cizo. Shi ya sa cutar ta fi bazuwa da damina da kuma makonnin da ke biye da ita.

A Jihar Kano, ƙananan hukumomin kudu irin su Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun fi na arewa samun ruwan sama. Sai dai ba manyan ruwaye kamar madatsar Tiga ne matattarar wannan sauro ba. Ya fi son ruwa kaɗan da ya kwanta kusa da mutane: randa da duro marasa murfi, tsofaffin tayoyi, gwangwanaye, fasassun tukwane da kaskon ruwan kaji. Ko da rani ma, ruwan da ake tarawa a gida yana iya raya shi.

A ƙarshen shekarar 2023 hukumar NCDC ta tabbatar da ɓullar cutar a Jihar Sakkwato. A shekarar ce kuma ta hallaka ɗaruruwan mutane a Burkina Faso.

Alamomi da kariya

Alamomin kan bayyana kwana 4 zuwa 10 bayan cizo: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwo a bayan idanu, ciwon gaɓoɓi da ƙuraje. Sau da yawa akan ɗauke shi a matsayin maleriya, alhali maganin maleriya ba ya yi masa komai. Gwajin jini ne ke bambance su. Likitoci na ba da shawarar shan farasitamol da ruwa da yawa, tare da guje wa asfirin da ibuprofen, domin suna ƙara haɗarin zubar jini. Idan aka ga matsanancin ciwon ciki, yawan amai ko jini daga hanci da dasashi, a garzaya asibiti.

Wannan sauro ba ya tafiya da nisa, don haka mai cizon mutum galibi a gidansa ko shagonsa ya tashi. A riƙa rufe mazuban ruwa, a zubar da abin da ya kwanta, a kuma goge cikin randa da duro sau ɗaya a mako domin kawar da ƙwan.