BABI NA UKU: TARIHIN BUNƘASAR KAƊE-KAƊE A BIKIN KAMUN KIFI NA ARGUNGU

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai duba yadda aka yi kaɗe-kaɗe iri-iri suka haɗu a bikin kamun kifi na Argungu. Abin da ake son nunawa shi ne, kaɗe-kaɗen nan ba a lokaci guda suka shigo bikin ba. Kowanne ya biyo masu shi ne, domin a al'adar Bahaushe kusan kowane kiɗa yana da ubangida, wato sana'a ko sarautar da ake yi dominta.

3.1 Kiɗan Masunta

Tun kafin a san bikin da sunansa na yanzu, Kabawa suna da al'adun ruwa da suka gada, kamar gyaran ruwa da fashin ruwa, wato buɗe ruwa domin a fara su. Sarkin Ruwa da Homa su ne jagororin wannan sha'ani. Saboda haka kiɗan da ya fi kowanne daɗewa a wurin shi ne na masunta. Har yanzu idan masunta suka faɗa Matan Fada da komarsu da gorunansu, akan ga makaɗa cikin kwale-kwale suna bin su da kiɗa. Aikin wannan kiɗa shi ne zuga, domin mai neman giwar ruwa ya ƙara ƙaimi.

3.2 Shigowar Kiɗan Fada

Tun zamanin jihadi ƙasar Kabi, wadda Kanta ya kafa a ƙarni na 16, ta daɗe tana gaba da Sakkwato. A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa gagarumin su domin girmamawa. Daga wannan ziyara ake ƙirga tarihin bikin. Da yake sarki ba ya fita sai da makaɗansa, sai tambari da kakaki da algaita suka zo bakin ruwa. Bugu da ƙari, mawaƙan fada masu kotso da taushi suka sami wurin baje kolinsu a gaban manyan baƙi. Abin lura a nan shi ne, tambarin da a da ake bugawa domin fita yaƙi, shi ne ya koma na tarbar tsohon abokin gaba.

3.3 Kiɗan Maza da na Jama'a

Hannun gwamnati ya ƙara faɗaɗa bikin. A 1970 Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta, kuma da aka ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991 sai ya zama babban bikin jihar. Yayin da aka ƙara kwanakin bikin, sai aka shigo da dambe da kokawa da baje kolin amfanin gona, ga kuma kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren kwale-kwale da kamun agwagwa. Dambe ya zo da kalangu, domin asalinsa wasan mahauta ne, kalangu kuwa nasu ne. 'Yan kokawa, har da na Nijar, suka zo da makaɗansu masu kaɗa wa kowane gwani takensa. Haka kuma da dare akan yi wasannin gargajiya, inda ake jin masu goge da gurmi da sauransu.

3.4 Matsalar Dandali

Wannan bunƙasa ta zo da tata matsala. Idan aka ɗauke makaɗi daga gaban ubangidansa aka ɗora shi kan dandali, aka ba shi lasifika da ƙayyadadden lokaci, to kiɗan ya zama abin kallo kawai. Take ba ya tsuma wanda ba nasa ba. Ban da wannan, bayan bikin 2009 ba a sake yin wani ba sai a 2020, ko da yake hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Kiɗan gargajiya kuwa ɗa yana koyonsa ne ta bin ubansa fage, don haka shekara goma babu fage ba ƙaramar asara ba ce ga magada.

3.5 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa kaɗe-kaɗen bikin Argungu hawa-hawa ne: na masunta, sannan na fada, sannan na maza da na jama'a. Ke nan ɗorewarsu ta rataya ne ga ɗorewar su da dambe da kokawa da sarautar da suka haife su. Babi na gaba zai nazarci kayan kiɗan ɗaya bayan ɗaya.